Lorna da Labulen da Ake Yi Don a Keta

Ƙarfe tara na safiyar kowace Alhamis, daga farkon lokacin sanyi har ƙarshensa, za ka ga Lorna Maddern ta sauko daga jirgin titi, ɗan jirgin ƙasan nan da ke bin titunan gari, a gaban kantin magani, jakar saƙa a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hammata. Ba ta sauri. Sai ta tsallaka titi, ta bi ta gefen filin ƙwallon unguwarmu inda raɓa ke kwance fari fat a kan ciyawa, ta buɗe zauren cocin da muke aro, ta kunna tsohuwar hitar nan da ƙararta ta fi ɗuminta yawa. Daga nan ta cire takalmi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana cire takalmi a bakin wannan ƙofa, kuma duk wanda zai shiga sai ya cire nasa, ko da limamin cocin ne da kansa.

Aikinta labule ne. Wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallonmu na Ostireliya ranar Asabar ya san abin da nake nufi: ƙaton labulen takardar nan da ake ɗagawa a kan dogayen sanduna biyu a bakin fili, 'yan wasa su fito daga ɗakin shiri a guje, su keta shi su shiga. Kwana biyu ake yi ana haɗa shi a ƙasa, ana rarrafe. Minti huɗu yake yi a tsaye. Ketawar kuwa ba ta kai numfashi ɗaya ba. Ni da nake riƙe igiyar baya ta hagu shekara ashirin da biyu, har yau in na ji wannan ƙarar sai tsigar jikina ta tashi.

Bana Lorna ta ajiye almakashi. Idanu ne. Tsakiyar ganinta ta tafi, sai gefe-gefe, kuma likita ya gaya mata ba tare da kwana-kwana ba cewa kafin sanyin baɗi ba za ta iya bambanta harafi da harafi ba. Ta karɓi maganar yadda take karɓar ruwan sama ranar wasa, ta ɗan ɗaga kafaɗa. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mata a rai. A cikin labule sama da ɗari bakwai da ta yi, guda biyu ba a keta su ba, kuma mutane ɗaya ne suka ƙi ketawa. A watan Agustan nan za su dawo Melbourne karo na uku, ita kuma ta san ba ta da na huɗu.

Amma bari in fara faɗa muku ko wace ce, don ba ku san ta ba. Ba laifinku ba ne. Sunanta bai taɓa hawa kan labule ba, kuma duk hoton da aka ɗauka, bayanta ake gani.

Kowa zai iya liƙa takarda da takarda. Gwanintar Lorna ita ce ta yi abin da zai iya da iskar Melbourne, amma ba zai iya da mutum ba. Takardar ado ce mai laushi, a shimfiɗa ta layi-layi, a bi bayanta da salatif a tsaye da a kwance har ta zama kamar raga, a yanka 'yan tagogi don iska ta wuce. Sannan a ƙasa, wajen tsakiya, akwai wurin da take rage salatif, daidai faɗin kafaɗar mutum. Shi take kira ƙofa. Ba ta taɓa barin wani ya sa ƙofa ba. In lokacin ya yi sai ta kore mu mu je shan shayi, mu dawo mu tarar ta gama tana share gwiwa. Kyaftin kaɗai take raɗa wa inda take, shi ma sai ranar wasa.

Mun ga abubuwa a hannunta. Akwai Asabar ɗin da iska ta taso daga teku har ta kayar da rumfar masu gasa nama, labulen abokan karawarmu ya tashi ya maƙale a kan bishiyar turare, namu yana tsaye yana numfashi ta tagoginsa. Akwai shekarar da aka ci mu wasa goma sha tara a jere, 'yan kallo suka watse, mu kanmu masu igiya muka fara ƙirƙiro ciwon baya. Lorna ba ta tsallake mako ɗaya ba. Ta ce yaran da ake ci su suka fi bukatar su keta wani abu kafin a fara. Akwai kuma makon da mijinta Col ya rasu ranar Talata. Ranar Alhamis muka zo muna sanɗa, muna tunanin mu yi aikin ba tare da ita ba, sai ga takalminta a bakin ƙofa. Merv Dunstan, tsohon direban jirgin ƙasa da ke riƙe sandar dama, wanda bai taɓa rufe bakinsa na minti biyar ba a rayuwarsa, ya miƙa mata salatif, shi ke nan.

Ke ce, Lorna, kika koya mana cewa ana iya ba abu dukan zuciya alhali an san ba zai kai la'asar ba. Mai almakashin unguwa, uwar Alhamis. Da kina kusa lokacin da nake rubuta wannan, na san cewa za ki yi in daina surutu in miƙo jar takarda.

To, sai maganar gasar ƙasashe. Duk bayan shekara uku baƙi kan taru a garinmu su buga wasanmu, kowa da tutar ƙasarsa: 'yan Ireland, 'yan Papua New Guinea, Kanada, Japan, Afirka ta Kudu, da wasu da dama. A filayen babban lambun nan da ke jikin gidan namun daji ake yin yawancin wasannin, inda wani lokaci alƙali yana busa usur kana jin kukan birai ta bayan katanga. Ba manyan taurari ba ne. Malaman makaranta ne, masu gyaran famfo, ma'aikatan jinya, waɗanda suka ga wasan a talabijin ko wani ɗan Ostireliya mai kewar gida ya koya musu. Mukan je ne don daɗin ganin cewa ashe ba mu kaɗai muke da wannan hauka ba.

Shekara shida da suka wuce muna zaune a kan benci ni da Lorna da Merv, muna cin burodi da tsiran nama, sai matan Tonga suka fito. Ja da fari, riguna marasa hannu, sanyi yana kaɗa su har kana ganin haƙoransu daga inda muke. Abokan karawarsu suna da dangi a gari, an yi musu ɗan labule sun keta, ana tafi. Su kuwa suka shigo fili haka nan, a hankali, ba kowa a bakin hanya. Lorna ta ajiye burodinta. Ta ce wa Merv ba a shiga fili haka kamar masu zuwa cefane. Merv ya ce ba ƙungiyarmu ba ce, ba ƙasarmu ba ce, kuma gwiwoyinsa sun yi ritaya tun bara. Washegari da safe yana durƙushe a zauren coci yana yanka haruffa.

Labulen ya yi kyau, ba don ina cikin masu yin sa ba. Sunan ƙasarsu da manyan baƙaƙe, da tutarsu mai jan gicciye a tsakiya. Muka ɗaga shi a wasansu na gaba. Suka fito a guje, kyaftin ɗinsu a gaba, wata doguwar malamar firamare mai suna Lesieli. Saura taku uku sai ta ci burki. Na baya suka yi karo da ita. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon sama, wasu har da hannu a ƙirji. Lorna tana nuna musu ƙofa da haɓa, Merv yana cewa ku shiga mana, hannuna ya mutu. Sai Lesieli ta zo gefe, ta ɗaga ƙasan labulen da hannu biyu kamar mai ɗaga mayafin jariri, suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya suka wuce ta ƙarƙashi. Ko ƙwarzane bai samu ba. Bayan wasa ta zo da ladabi ta roƙi alfarmar a ba su shi su tafi da shi gida. Su takwas suka ninke shi.

A wurinmu labulen da ba a keta ba abin kunya ne, kamar ka dafa wa baƙo abinci ya yaba ƙamshin ya tashi. Merv ne ya ce ya gano matsalar: gicciyen ne, mutanen nan masu ibada ne, wa zai keta gicciye da ƙirjinsa? Muka ce lallai Merv yau ka yi tunani. Ya yi shekara uku yana taƙama da wannan basira.

Da suka dawo, Lorna ta yi musu wani ba tuta, ba gicciye, sai igiyar ruwa fara a kan ja. Suka fito, suka tsaya, suka ɗaga gefe, suka sunkuya. Na kalli Merv, ya kalli takalminsa.

Ran nan Lorna ba ta haƙura ba. Ta bi Lesieli har bakin ɗakin shiri, ta tambaye ta ko aikin ne bai yi musu ba, in haka ne a faɗa mata, ba yarinya ba ce. Lesieli ta rikice har idonta ya kawo ruwa. Ta ce a garinsu mata kan yi makonni suna buga ɓawon itace har ya zama zane, su yi masa zane-zane da hannu, kuma kakarta da ta raine ta tana cikin masu yi. Tun tana ƙarama aka koya mata abu guda.

"Anti, abin da hannun tsohuwa ya yi, ba a bi ta kansa a guje. An ce mana kwana biyu kika yi a durƙushe. Ta yaya zan koma gida in ce wa kakata na yaga shi?"

"'Yar nan, don a yaga na yi shi."

"Na sani, Anti. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ta gaya mata na farkon yana rataye a zauren cocin ƙauyensu, jan ya koɗe ya koma ruwan hoda, ana ɗaurin aure a ƙarƙashinsa. Lorna ta ce wannan ai ɓarnar bango ce. Amma a jirgin titi ta sa ni na maimaita mata maganar sau biyu, wai hayaniya ta hana ta ji da kyau. Na biyun ma suka ninke suka tafi da shi.

Sai bana. Yadda Lorna take gani yanzu, ita ta kwatanta mini wata Alhamis muna jiran ruwan shayi ya tafasa. Ta ce kamar ta wayi gari a cikin hazon da ba ya washewa. Fuskar mutum ta ɓace, sai kunnuwansa da kafaɗunsa. Furen rawayan nan da ke buɗewa a ƙarshen sanyi yana zuwar mata kamar hasken fitila a ruwa. Jirgin titi ba ya tahowa, bayyana yake yi. Ta ce wani lokaci tana zaune a zauren sai ta ga duk labulen da ta taɓa yi suna wucewa ta gefen idonta, shuɗi, rawaya, na shekarar da muka ci kofi, na makon Col, suna tafiya a hankali kamar shanya a iska, in ta juya ta kalle su sai su tafi. Ba ta faɗe shi da baƙin ciki ba. Ni ne na tashi na je duba butar da ban da abin dubawa a cikinta.

Ta ce ba ta damu da ganin na ƙarshen ba. Ƙarar take so ta ji.

Mu muka yanka haruffa, ita ta bi baya da salatif, da tafin hannu take auna layi, kuma ko ɗaya bai karkace ba. Kalmomin ma nata ne, layi biyu farare a kan ja: KUN ƘETARO TEKU. TAKARDA CE KAWAI TA RAGE. Merv ya ce wannan ba labule ba ne, takardar sammaci ce. Ta ce masa ya ci gaba da yanka, tsohon kawai, harafinsa na ƙarshe ya yi kama da ƙugiya. Da lokacin ƙofa ya yi ta kore mu kamar kullum. Wannan karon ta daɗe. Na leƙa ta taga na gan ta a durƙushe a tsakiyar jan nan mai faɗi, ƙafa ba takalmi, tana shafa takardar da hannu biyu kamar mai gyara wa yaro shimfiɗa.

Ranar Juma'a da hantsi Lesieli ta zo zauren da tukunyar gwaza da aka dafa da madarar kwakwa. Ta cire takalmi ba a gaya mata ba. Ita ma shekaru sun taɓa ta, gwiwar hagu a naɗe, ta ce wannan ce gasarta ta ƙarshe. Lorna ba ta yi zagaye-zagaye ba. Ta gaya mata maganar idon, ta ce ba ta taɓa roƙon ɗan wasa komai ba, yau tana roƙo. Lesieli ta dubi labulen. Ta ce ba za ta yi alkawarin da ba ta tabbata za ta cika ba, kakarta tana nan da rai, shekara casa'in da ɗaya, kuma ba ta taɓa saɓa mata ba. Za ta buga mata waya. Abin da ta iya cewa ke nan. Bayan ta tafi Lorna ta ci gwazar nan har loma uku, ta ce da daɗi.

Asabar ta zo da irin safiyar da Melbourne kan yi sau biyu ko uku a shekara don kada mu yi ƙaura. Ba iska. Hazo ya kwanta a lambun har zuwa gwiwa, turakun gola huɗu suna tsaye a cikinsa kamar ba su taɓa ƙasa ba, rana tana fitowa ta bayan itatuwan turare. Wasansu na ƙarshe ne, ba na kofi ba, 'yan kallo ba su fi ɗari biyu ba. Muka ɗaga labulen, ya miƙe ba gardama. Merv a sandar dama, ni a igiyata, Lorna a igiyar gaba inda take tsayawa tun kafin a haifi yawancin 'yan wasan. Ta karkatar da kai gefe, ta ba ƙofar ɗakin shiri kunnenta.

Muka ji ƙarar takalmansu a kan siminti, sannan a kan ciyawa. Suna gudu. Saura taku uku, sai ƙarar ta ɗauke.

Sun tsaya. Na ga kafaɗun Lorna sun sauka. Ta ƙara naɗe igiyar a hannunta, don ko me ya faru ba ta sakin igiya kafin 'yan wasa su wuce. Ni kam na ji haushi ya taso mini, har na buɗe baki zan yi magana.

Sai Lesieli ta fita daga layi ta nufo ta, da wata jar riga a hannu.

"Anti, na yi magana da kakata. Ta yi mini faɗa. Ta ce shekara shida ina ɓata wa baiwar Allah rai don ban yi tambaya ba. Ta ce zane ana yanka shi mana, in za a raba wa mutane. Amma mai shi ce take fara sa hannu. In ta fara, sai kowa ya bi."

Lorna ta gane. Ta girgiza kai. Ta ce a'a, wannan ba zai yiwu ba, 'yan wasa kaɗai ke bi ta labule, doka ce, ita da kanta ta sha korar shugabannin kulob da 'yan siyasar unguwa da suka so su bi. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa tsayawa a bayan labule a tsaye ba, balle ta shiga.

"Shi ya sa na zo da riga," in ji Lesieli.

Alƙalin wasa ya duba agogo, ya duba mu, ya sa hannuwansa a baya ya juya yana kallon bishiyoyi. Merv ya kira wani daga cikin 'yan kallo ya riƙe masa sanda, ya tako da gwiwoyin nan nasa, ya kama igiyar Lorna sama da hannunta.

"Saki, Lorna. Shekara talatin kina ba ni umarni. Yau ɗaya ki ji nawa."

Ta saki. Aka zura mata rigar a kan rigar sanyinta, ta sauko mata har cinya. Lesieli ta riƙe mata gwiwar hannu ta zagaya da ita baya, inda 'yan wasa ke tsayawa, suka buɗe mata hanya. Daga igiyata ina ganin fuskarta.

Abin da ba mu taɓa tunani ba shi ne rana. Ranar tana gaban labulen, haskenta yana ratsa takardar, duk bayan ya zama ja wur, ciyawa ja, hazo ja, fuskokin matan ja, layukan salatif suna ƙyalli a ciki. Lorna ta ɗaga kai. Idon da ba ya ganin fuska, ba ya ganin harafi, wannan kam ya gan shi gaba ɗaya, don babu tsakiya babu gefe, ja ne ko'ina. Ta daɗe a tsaye. Matan suka fara wata waƙar coci a hankali da harshensu, ƙasa-ƙasa, kamar ba su so su tashe ta.

"Ashe abin da suke gani ke nan," in ji ta.

Sannan ta miƙa hannu. Ta shafa takardar, ta ƙirga layi ɗaya, biyu, uku daga sandar hagu, ta sauko, ta tsaya. Ta sa tafin hannu biyu a kan ƙofarta ta tura.

Kyaaat. Ƙaramar ƙara ce, ta mutum ɗaya. Ta taka ta shiga, ta fito ta ɗaya gefen cikin hasken rana, ta yi taku huɗu ta tsaya ta rufe ido. Sai Lesieli ta yi wata kuwwa, matan nan ashirin da biyu suka taho gaba ɗaya. Ban taɓa jin labule ya yage haka ba. Shekara shida suna riƙe da wannan gudun. Igiya ta fizge daga hannuna, sanduna suka yi rawa, suka rabu biyu suka wuce ta dama da hagunta ba wadda ta taɓa ta, jar takarda ta tashi sama ta yi ta saukowa a hankali, a kan gashinta, a kan kafaɗunta, a kan hazon da bai gama tashi ba. Tana tsaye a ciki, ido a rufe, tana murmushi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Merv ya ce shi takarda ce ta shiga masa ido.

Kada ku tambaye ni wa ya ci wasan. Na tambayi mutum uku da suke wurin, kowa da abin da ya faɗa.

Da muka zo tsince tarkace kamar yadda muka saba, ba mu sami na tsinta ba. Matan sun bi fili bayan an tashi, kowace ta ɗauki yanki ta ninke ta sa a jaka, wai na kaka, wai na makaranta. Lesieli ta kawo wa Lorna wani ɗan yanki daga bakin ƙofar, da salatif ɗinsa a jiki. Matar da ba ta taɓa ajiye ko ƙyallen labule ba ta karɓa ta sa a aljihun rigar sanyi. A jirgin titi hannunta yana cikin aljihun har muka sauka. Abin da kawai ta ce shi ne salatif ya ɗan yi yawa a hagu, ta ji a ƙarar.

Lorna, mun gode. Mun gode da gwiwoyinki, da Alhamis dubu da wani abu, da shayin da ya fi ƙarfin cokali. Ke ce kika ga baƙi sun shigo fili ba mai tarbarsu kika kasa haɗiye burodinki. Ke ce kika yi shekara shida kina jin ciwon abu, ba ki daina yi musu ba. Yaran da suka keta aikinki sun zama kakanni, kuma ba wanda ya manta yadda ƙirjinsa ya buga a bayan takardar nan. Allah ya bar miki hasken da ya rage, ya sa jan nan ya daɗe a idonki.

Ku kuma masu karatu, a kowane fili akwai irinta, mai wanke riguna, mai shata layi, mai yanka lemo, wadda bayanta kawai kuke gani a hoto. Ku je ku tambayi sunanta tun tana nan. In kuma kuna kusa da mu, ana buɗe zauren ƙarfe tara ranar Alhamis. Lorna ta ce za ta riƙa zuwa ta zauna kusa da hita, kuma a karon farko ta yarda za ta nuna wa wani yadda ake sa ƙofa, in an sami mai haƙurin koyo. Ba a bukatar gwaninta, almakashi ma akwai. Ku dai cire takalmi a bakin ƙofa.